Ranar da Malam Gambo Ya Koma Ruwa

A Gungun Kanya, wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar Kogin Kwara, can gangaren Yelwa inda ruwa ke fara faɗi kafin ya zama tafkin Kainji, babu wanda bai san gidan Malam Gambo ba. Shi ne gida na farko idan mutum ya sauka a kwata ya hau tudu. Malam Gambo masunci ne ɗan masunci. A zamanin ƙarfinsa, in ya tsaya a goshin kwale-kwale ya wurga birgi, ragar kan buɗe ta yi zagaye kamar faifai kafin ta taɓa ruwa, har matan da ke wanki a gaɓa su dakata su yi kallo. Larai tana cikin masu kallon tun tana budurwa. Bayan ya aure ta, ita ce ke zama a bayan jirgin tana riƙe masa filafili, don mutanen gungu ba su raba mace da ruwa.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya cikin damina ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa, shi ma ya bi ta. Aka kwashe shi zuwa asibiti a Yelwa, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo gida da ransa, amma hannun dama ya daina aiki, ƙafar dama sai dai ya ja ta, baki ya ɗan karkace, magana tana fita da ƙyar.

Jinyar ba ta dami Larai ba. Ta iya ɗaga shi, ta iya yi masa wanka, ta san lokacin kowane magani. Abin da ke cin ranta shi ne mutumin ya ƙi yarda kowa ya gan shi. Ya daina fita ƙofar gida. Abokansa in sun yi sallama sai ya rufe ido kamar mai barci. Ya sa ta rataya tabarma a tagar da ke kallon kogi. Ɗansu Surajo, wanda ya gaji sana'ar har ya sayi jirgi mai inji, in ya dawo daga su yana ba da labarin ruwa, sai uban ya juya fuska bango. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, yana ɗaki.

A bazarar bana 'yarsu Murjanatu, wadda ke koyarwa a wata firamare a Yelwa, ta zo hutu da 'yarta Fiddausi, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, mai tsayi da saurin baki. A gari aka haife ta, a gari ta tashi. Ruwan da ta sani shi ne na famfo da na bokiti.

Wata la'asar Larai tana tsugune tana juya tarwaɗa a kan banda, Murjanatu na yankan albasa, sai ga Fiddausi ta shigo fuu, ido ya yi ja.

"Ke kuma lafiya?" in ji uwarta.

"Ni gida zan koma. Yaran garin nan ba su da kirki."

"Mi suka yi miki?" Larai ta tambaya.

"Cewa suka yi in shigo ruwa, na ce ban iya ba. Sai suka hau yi mini waƙa, wai kazar birni. Har wata 'yar mitsitsiya da ba ta kai ƙuguna ba, ta yi nutso ta fito tana yi mini gwalo."

Murjanatu ta ce, "Ƙyale su. Ke karatu kika sa gaba, ina ruwanki da iyo."

Daga cikin ɗaki sai aka ji an buga sanda a ƙasa. Kowa ya juya wajen ƙofa. Muryar Malam Gambo ta fito a hankali, kalma na bin kalma kamar ana ciro su daga rijiya.

"Wa... ba ta iya ruwa ba?"

Larai ta miƙe ta ɗaga labule. Yana zaune bakin gado, ya dafa sandarsa, gira ta haɗe.

"Jikarka ce, Malam. Ba a koya mata ba."

"Jikata." Ya ja numfashi. "Jikar Gambo. Kazar birni."

Fiddausi ta leƙo ta bayan kakarta. "Kaka, ai ba laifina ba ne."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Gobe. Farin Yashi."

Farin Yashi wani tudun rairayi ne da ke fitowa a tsakiyar kogi duk bazara idan ruwa ya ja baya. Can mutanen gungu ke kai yara su koyi iyo, don gefensa ɗaya ba zurfi. Can Malam Gambo ya koya wa Surajo da Murjanatu.

Surajo, da shigowarsa ke nan da inji a kafaɗa, ya ce, "Shi ke nan, Baba. Ni zan kai ta."

"Kai?" Malam Gambo ya ɗaga sanda ya nuna shi. "Kai da kuka... ka koya. Ni za ni."

Bayan sallar magariba 'ya'yan suka ja uwarsu bayan rumbu. Murjanatu ta fara, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce zafin bazara ba wasa ba ne ga mai hawan jini, ta ce likita ya hana shi wahala, ta ce in wani abu ya faru a tsakiyar ruwa ina za su kama. Surajo ya ce shi ma tsoronsa iska, ga hadarin farkon damina ya fara leƙowa, in jirgi ya karkata mutum mai hannu ɗaya ya zai yi.

Larai ta bari suka gama. Duk abin da suka faɗa ta riga su tunaninsa. Amma ta ji muryar da ya yi magana da ita ɗazu, muryar mai gida ce, ba ta majinyaci ba, kuma ta manta rabon da ta ji ta.

Ta ce, "Ku ɗiyana, kun san abin da likita ya ce. Ni kuma na san abin da ɗakin can ya yi mishi, don ni ke kwana cikinai. Tunda ya ce za shi, za shi. Surajo, ka nemo rigunan ceto. Ke kuma ki haɗa maganinai da ruwan sha mai yawa. In kun ga hadari, mu juyo."

"Inna, in ya faɗi fa?"

"In ya faɗi mu ɗauke shi. Yau muka fara?"

Da hantsi suka tashi. Malam Gambo ya ce ba ta kwata za su bi ba, don haka Surajo ya zagayo da jirgi ta bayan gari, wajen gonakin albasa, ya goyi ubansa ya sa shi a tsakiya a kan tabarma. Larai ta ɗaura masa rigar ceto. Ya yi tsaki, ya ce shi da ya yi shekaru yana ninƙaya da igiya a baki, yau shi ake ɗaure wa soso. Ta ce ya yi haƙuri, ta ja igiyar ta ƙulle. Ta loda tukunya, da ƙullin yaji, da ƙuli-ƙuli, da dafaffen rogo, da fura a kwano, da wata tsohuwar laima.

Inji ya kama, jirgi ya yanki ruwa. Larai ba ta kalli kogi ba, mijinta take kallo. Da farko ya sunkuyar da kai. Da suka fita daga cikin kainuwa iska ta bugi fuskarsa, sai ta ga hancinsa ya buɗe. Can ya miƙa hannun hagu a hankali ya tsoma yatsunsa, ruwa yana tsagewa ta tsakaninsu. Da suka zo wani wuri ya ɗaga sanda ya nuna hagu, Surajo ya karkata jirgi ba musu, suka wuce wani kututture da ke kwance ƙarƙashin ruwa, wanda sai da suka zo dab da shi Larai ta hango duhunsa.

Farin Yashi yana nan yadda suka san shi, dogo, fari tas, sai sawun tsuntsaye. Wani zalɓe da ke tsaye da ƙafa ɗaya ya dube su ya tashi ba gaggawa. A gaɓar can nesa shanun Fulani sun shiga ruwa har ciki suna cin ciyawar burugu. Surajo ya kafa laima, ya shimfiɗa tabarma dab da bakin ruwa, aka zaunar da tsohon ya jingina da buhun kaya.

Fiddausi ta tsaya ruwa iya idon sawu, ta rungume hannuwa.

"Kaka, akwai kada?"

"Akwai," in ji shi. "Ba ya cin kaza."

Kowa ya tuntsire da dariya, har ita. Larai ta ɗaure zani a ƙirji ta shiga gaba, ta miƙo mata hannu. Ruwan ɗumi ne, garai-garai, ana ganin ƙananan kifaye suna zagaya ƙafa. Suka yi ta shiga har ya kai wa yarinyar ƙugu.

Daga kan tabarma umarni ya fara zuwa, gajere gajere, kowanne da bugun sanda.

"Kwanta. Rigingine."

Larai ta sa tafin hannu a bayanta ta kwantar da ita. Jikin yarinyar ya sandare kamar itace.

"Kunne cikin ruwa. Dubi sama."

"Zai shiga kunnena!"

"Ya shiga. Zai fita."

Ta gwada, ta ɗaga kai a firgice, ƙafafu suka nutse, ta sha ruwa. Ta fito tana tari tana kuka, ta ce ta fasa, gara a yi ta ce mata kaza har ta mutu. Murjanatu ta tashi da tawul za ta je, uban ya tare ta da sanda.

"Bar ta." Ya juya ga yarinyar. "Uwarki... ta fi ki shan ruwa. Koma."

Fiddausi ta dubi uwarta. Murjanatu ta gyaɗa kai, tana danne dariya. Yarinyar ta share hanci ta koma.

Haka aka yi ta yi, rana tana hawa. Larai tana jin bayan yarinyar yana saki a tafinta kaɗan-kaɗan, numfashinta yana daidaita. Can ta ji mijinta ya kira sunanta a hankali. Ta waiwaya, ya yi mata alama da ido. Sai ta sauke hannunta ƙasa cikin ruwa ba tare da yarinyar ta sani ba. Fiddausi na nan kwance a saman ruwa, hannuwa a buɗe, tana kallon wata shamuwa da ke shawagi.

"Inna, kar ki sake ni fa."

Larai ta ɗaga hannuwanta biyu sama ta tafa. "Wa ke riƙe da ke?"

Yarinyar ta ƙwala ihu, ta nutse, ta taso tana dariya tana feshin ruwa. "Na yi! Kaka, ka gani? Mama, kin gani?"

"Na gani," in ji tsohon. "Saura ƙafa."

Murjanatu ta kasa zama. Ita da ta zo da jaka da tabarau tana gargaɗin kowa, sai ga ta ta ajiye waya, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta faɗa ruwa da doguwar rigarta. Ta ce wa ƙaninta in ya isa ya zo su je wancan ƙarshen yashin su dawo. Surajo ya ce malaman makaranta alli kawai suka sani. Suka tafi suna yankar ruwa, ya riga ta zuwa, ta riga shi dawowa don ta kama masa ƙafa a hanya. Suka fito suna gardama kamar ba su suka haifi 'ya'ya ba. Larai ta tsaya cikin ruwa tana kallon su duka, zuciyarta ta cika fal.

Da rana ta take, Surajo ya wurga birgi ya kamo karfasa masu ƙiba. Larai ta tara busasshiyar ciyawa da itatuwan da ruwa ya yaso, ta hura wuta a cikin wani rami da ta tona a yashi, ta tsaga kifin ta cusa yaji da albasa ta gasa. Suka ci da rogo, kowa na tsotsar yatsa. Malam Gambo ya ci biyu, ya sha fura, ya sha maganinsa ba tare da an roƙe shi ba. Suka yi azahar a kan yashi, Surajo a gaba, uban a zaune a gefensa.

Larai ta fara tattara kwanoni don su kama hanya kafin iskar yamma. Sai ta lura mijinta ya ƙura wa wuri ɗaya ido, can ɗaya gefen tudun, inda yashi ke yankewa ruwa ya yi duhu. Ƙananan kifaye suna ta tsalle a wurin, su watse, su sake haɗuwa.

"Shina nan," in ji shi.

"Wa?"

"Babba. Shi ke korar su. Surajo, igiya."

Surajo ya dubi uwarsa. Ta ɗaga kafaɗa. Ya je jirgi ya ɗauko igiya mai kauri da babbar ƙugiya, ya soka wata 'yar karfasa mai rai. Suka matsar da tsohon da tabarmarsa da laimar zuwa wancan gefen. Surajo ya kaɗa igiyar ya wurga inda aka nuna masa, ya zo zai zauna da ita, uban ya buɗe tafin hagu.

"Ba ni."

Aka zauna jira. Fiddausi tana gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi, Murjanatu tana shanya riga a jikinta. Larai har ta fara gyangyaɗi. Ba ta sa ran komai ba, ta ɗauka marmari ne kawai, a bar shi ya riƙe igiya ya ji daɗi.

Sai igiyar ta miƙe tsaf, ta fizge shi gaba. Ya kife a kan gwiwarsa, laima ta faɗi, yashi na jan shi zuwa bakin zurfin. Murjanatu ta yi salati. Surajo ya yi tsalle ya kai hannu zai karɓe.

"Bari!"

Tsawar ta fito cikakkiya, ba gargada ko kaɗan. Surajo ya tsaya da hannu a miƙe. Larai ta dubi fuskar mijinta. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya cije leɓe, igiya tana zamewa daga yatsunsa tana ƙona su. Ta san hannu ɗaya ba zai riƙe wannan kifi ba. Ta kuma san in aka karɓe igiyar nan daga hannunsa, to an gama, gobe tabarmar taga ma ba za ta ishe shi ba.

Tunda aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ko riƙe hannunsa a gaban 'ya'yansu ba. Ta ajiye kunyar a gefe. Ta zauna a bayansa, ta kafa dugaduganta cikin yashi ta kowane gefe, ta zagaye ƙirjinsa da hannun hagu ta jawo shi jikinta, ta miƙa na dama ta damƙi igiyar a gaban nasa.

"Faɗa mini, Malam."

Ta ji ƙirjinsa yana hawa da sauka. "Saki... kaɗan."

Ta saki. Igiya ta gudu ta cikin tafinta kamar wuta.

"Riƙe. Ja. Ja!"

Suka ja tare. Ita ta jawo, shi ya naɗe a hannunsa ya danne, ta sake miƙa hannu ta jawo. In kifin ya yi ƙarfi ya ce a saki, in ya lafa ya ce a ja. Yatsunsa ne ke karanta igiyar, ita nata ƙarfi ne kawai da biyayya. Murjanatu ta sunkuyar da kai da farko don nauyin ganin iyayenta haka, sannan ta ɗauki kwano ta riƙa ɗebo ruwa tana zuba musu a hannu don igiyar ta yi sanyi, hawaye na bin kumatunta tana dariya. Fiddausi kuwa tsalle take tana ihu, "Ku ja, Kaka! Inna, ki ja!"

Can ruwa ya tsage, kifin ya yi sama gaba ɗayansa, fari ƙal kamar azurfa, baki a wangame, ya girgiza kai ya faɗa da ƙara.

"Giwan ruwa!" in ji Surajo. "Baba, giwa ce!"

"Na sani," in ji tsohon. "Tun ɗazu."

Larai ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Bayanta ya riƙe, kafaɗarta kamar za ta cire, gumi ya shiga idonta. Sau da yawa suna kawo shi kusa, ya ga hasken yashi ya juya ya kwashe igiyar da suka tara. Ta fara tunanin ko zuciyar mijinta za ta ɗauka, don tana jin bugunta a damtsenta. Ta raɗa masa, "Malam, ko a bar shi?" Sai ma ya ƙara naɗe igiya. Daga ƙarshe jan ya yi laushi. Kifin ya taso a gicciye, yana buɗe baki a hankali.

"Yanzu, Surajo."

Surajo ya faɗa ruwa har ƙirji, ya cusa hannu a kunnen kifin, ya rungumo shi ya jawo kan yashi. Da aka kwantar da shi, Fiddausi ta kwanta kusa da shi don a gwada, ya kai mata har haɓa.

Malam Gambo ya saki igiya, ya jingina da matarsa yana haki. Sai ta ji jikinsa yana rawa. Ta yi maza ta leƙa fuskarsa. Dariya yake. Dariya ta gefen baki ɗaya, mai fita da ƙyar, amma ta cika, har da hawaye. Larai ta tuna inda take zaune, ta yi maza ta ja da baya ta gyara zani, ta ce wa Murjanatu ta daina tsayuwa kamar gunki ta kawo wa babanta ruwa.

Wani jirgin masunta da ya ratso lokacin da ake fama ya riga su isa gida da labari. Tun daga nesa suka hango kwata ta cika. Surajo ya rage inji ya tambaya ko ya zagaya ta gonakin albasa. Uban ya dubi kifin da ke kwance a ƙafarsa, ya dubi mutanen, ya nuna gaba da sanda.

Bai yarda a goya shi ba. Surajo ya riƙe shi ta dama, shi kuma ya dafa sanda ta hagu, ya taka tudun da kansa yana jan ƙafa, Larai na biye da tukunya a ka. Mutane suka dare. Samari biyu suka rataya kifin a gora suka ɗauko, jelarsa na share ƙasa. Haruna, abokin Malam Gambo tun na ƙuruciya, wanda ya gaji da yin sallama ana ce masa ana barci, ya tsaya a gabansa ya riƙe haɓa.

"Gambo, kai ne? Ashe ka farka."

"Na farka."

"Wanga kifi, wa ya kama shi? Surajo ko?"

Surajo ya ce, "Wallahi Baba Haruna, sai da ya gaji na taɓa shi. Baba ne."

"Da hannu guda?"

Malam Gambo ya ɗaga tafin hagunsa da igiya ta yi wa zane. "Biyu," in ji shi. "Guda nawa. Guda... na Larai."

Kwata ta ɗauki sowa. Mata suka rangaɗa guɗa. Larai ta ja gyale ta rufe rabin fuska ta wuce da sauri kamar ba ta ji ba, amma ƙafafunta ba su jin nauyin tudun.

Wani mai sayen kifi daga Yelwa ya bi su har gida, Malam Gambo ya ce wannan ba na kasuwa ba ne. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, Haruna da sauran tsofaffi suka kewaye shi. Daga cikin gida Larai tana jiyo muryarsa, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba, su kuma suna jiran kowace kalma ba mai katse shi. Tana kuma jiyo Fiddausi a waje tana gaya wa yaran gari cewa ta kwanta a kan ruwa ba mai riƙe ta, in ba su yarda ba su zo gobe su gani.

Sai da Larai ta zo ɗaukar wuƙa ta ga ba ta iyawa. Igiya ta tsaga mata tafin dama daga gindin ɗan yatsa har wuyan hannu, ya kumbura ya yi ja. Maƙwabciyarta Umma ta kama hannun ta yi salati, ta wanke mata da ruwan ɗumi ta shafa man kaɗanya, ta ce a nemo tsumma a ɗaure.

"Bar shi ya sha iska," in ji Larai.

Ta zauna a kan turmi a tsakar gida, Murjanatu da Umma da matar Surajo suna yankan kifin, ita tana faɗin rabo. Kai na gidan liman ne. Wannan tsokar ta gidan Haruna. A kai wa tsohuwa Zuwaira wajen ciki, don ba ta da haƙora. Tafin nan kuwa ta ɗora shi a kan gwiwa a buɗe, yana ƙyallin mai, inda duk wadda ta shigo da kwano sai idonta ya faɗa a kai.

Wata ta shigo ta yi sallama, ta tsaya. "Subhanallahi! Larai, mi ya same ki ga hannu?"

Larai ta dubi tafin kamar yanzu ta fara ganinsa. Ta gyara zama.

"Jawo kujera," in ji ta. "Kin san Farin Yashi, wajen da ruwa ya yi duhu?"